Kawu Sabitu Ya Haɗa Abin da Aka Raba

A duk Libreville babu Bahaushen da zai buɗe cikin na'ura bai sanar da Kawu Sabitu ba. Ba doka ba ce, babu wanda ya rubuta ta, amma gwada ka gani. Fankarka ta tsaya, ka kai wa wani ɗan Benin ya gyara maka, kafin Juma'a labari ya isa shagonsa da ke unguwar Derrière la Prison, kuma ranar da kuka haɗu a masallaci zai amsa sallamarka yana kallon wani wajen. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba. A gidansa na tashi.

Daga Fagge ya zo, shekara arba'in ke nan, ta Kalaba a jirgin ruwa, da 'yar jaka ɗauke da ƙarfen narka dalma, sukundireba uku da wata mita mai allura. Rediyo ya iya, wannan kam ba zan hana shi ba. A zamanin kaset, in rediyonka ya shaƙe, Kawu zai kara shi a kunne, ya ɗan bubbuga bayansa, ya gaya maka abin da ke damunsa tun bai kwance murfi ba. Matsalar ita ce duniya ta bar rediyo ta yi gaba, shi kuwa ya tsaya nan yana jiran ta dawo ta ba shi haƙuri. Allon da ke saman shagonsa har yau yana nan, fenti ya koɗe: INJINIYA SABITU, RADIO, TÉLÉ, FRIGO, TOUT. Wannan kalmar ta ƙarshe, wato "komai", ita ta fi kowace girma a allon, kuma da hannunsa ya rubuta ta. Injiniyan ma shi ya naɗa kansa, ba a yi taro ba.

In ka shiga shagon, abin da za ka fara gani wata ƙatuwar kwalba ce cike da noti da sukurori. Waɗannan su ne ragowar da suka yi saura duk lokacin da ya kwance abu ya mayar. In mai kaya ya yi tambaya, sai Kawu ya ce masu ƙera kayan nan almubazzarai ne, suna sa huɗu inda biyu suka isa. Fiyus in ya ƙone, ba ya sayen wani, takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari yake naɗewa ya cusa. Batir da harshe yake auna shi. Duk wannan da sauƙi, domin iyakar ɓarnarsa fanka ce ko dutsen guga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wata magana ce da yake yi kamar karatu: "Mas ɗaya ce." Mas, ga wanda ba sana'arsa ba, shi ne layin da wuta ke bi ta koma gida bayan ta gama aikinta a cikin na'ura. A rediyo gaskiya ne, duk layukan komawar haɗe suke wuri guda. To a kan wannan Kawu ya gina rayuwarsa. Zai juya mitarsa zuwa wurin da take ƙara, ya ɗora tsinke ɗaya a wannan mas, ɗaya a wancan. In ta yi "tiii", lafiya. In ta yi shiru, to layi ya tsinke, sai ya yanko 'yar waya, ya narka dalma, ya haɗe su. Shekara arba'in yana haka, yawanci yana dacewa, inda bai dace ba kuma laifin mai kaya ne da ya kawo ta a makare.

Za ka ce to me ya hana mutane su gaya masa? Ai ba a gaya wa Alhaji Sabitu magana. Rabin 'yan kasuwarmu da ke garin nan a tabarmar shagonsa suka fara kwana ranar da suka sauka. Shi ya san wanda ake gani a kan takardun zama, shi ke shiga tsakani in an yi rigima, shi ke gaba in an yi rasuwa. Da mahaifinmu ya rasu ina 'yar shekara shida, shi ya kwashe mu da Inna Ƙulu, mahaifiyata, ya ba mu ɗaki. Shi ya fara sa mini ƙarfen dalma a hannu, yana dariya don na ƙona yatsa. Amma ranar da na shiga makarantar koyon fasaha, daga nan na zama abin zolaya. Yau shekarata goma sha ɗaya ina aiki da wani kamfani a unguwar Louis mai kula da lif da ɗakunan sanyi, ina da miji da 'ya'ya biyu, amma a bakin Kawu sunana Madam Takarda. Sunana na yanka, Nazira, sai in yana son a miƙo masa wani abu yake tunawa da shi.

Adda Mairamou kuwa 'yar Garoua ce ta ƙasar Kamaru. Shekara goma sha huɗu ta yi tana banda kifi a kan gangunan ƙarfe a gefen tashar jiragen ruwa ta Port Môle, har hayaƙi ya mayar da idanunta ja ba sa washewa. Da wannan wahalar ta sayi kwantena mai sanyi, ta hannu, wadda muke kira firigo, ta koma sayar da ɗanyen kifi ga masu gidajen abinci. Ranar da aka kunna firigon ta kashe gangunan nan da ruwa, ta ce ita da hayaƙi sai a lahira in an tilasta mata. A makon da nake ba da labari jiragen masunta sun shigo da kifi da yawa, ta saya ta cika kwantenar har bakin ƙofa, manyan kafiten da sauran kifin teku. Duk abin da ta mallaka yana cikin kwantenar nan.

Ranar Asabar da hantsi firigon ya tsaya. Ta kira ni a waya. Kuskurena na farko shi ne na amsa wayar a gaban Inna, wadda yanzu take zaune a gidana. Ina ɗaura ɗankwali ina haɗa jakar aiki, na ji ta a tsakar gida tana cewa, "Yaya, firigon Mairamou ne ya lalace, na ce bari in gaya maka kada ka ji a waje." Na ce, "Inna, don Allah me ya kai ki?" Ta ce, "Au, so kike a ce kin tsallake kawunki?" Ban tsaya jayayya ba, na tari tasi, ina fatan in gama kafin ya gama shan shayinsa.

Dole in ɗan tsaya nan in bayyana yadda injin firigon yake, in ba haka ba ba za a gane girman abin da Kawu ya aikata ba. Injin sanyaya irin wannan kwantenar ba kai tsaye yake shan wuta ba. Akwai wani akwati da ke juya shi, mu a wurin aiki bariyater muke ce masa. Cikinsa gida biyu ne. Ɓangare ɗaya na babbar wuta ne, sama da bolt ɗari biyar, wadda in ta kama mutum ba a tambayar lafiyarsa. Ɗaya ɓangaren ƙwaƙwalwa ce, 'yar mitsitsiya, da bolt uku take rayuwa. Ƙwaƙwalwar nan tana bukatar ta san yawan wutar da ke tafiya zuwa injin a kowane lokaci, don ta ƙara ko ta rage. A kan hanyar babbar wutar an dasa wani guntun ƙarfe, in wuta ta bi ta cikinsa sai wani ɗan ƙarfin lantarki ya bayyana tsakanin bakinsa biyu, yana hawa yana sauka daidai da yadda wutar ke hawa da sauka. To amma ƙwaƙwalwa ba ta san "kaɗan" ko "da ɗan dama" ba. Abu biyu kawai take ji, ɗaya da sifiri, wato i da a'a.

Mai yi mata tafinta wata 'yar ƙwaya ce baƙa, ba ta kai ƙwayar wake ba, mai ƙafa takwas, huɗu ta nan huɗu ta can. Sunanta a littafi modilater delta-sigma. Yadda take aiki ni a ɗakin Inna na fahimce shi, lokacin da kwanon rufinmu ke yoyo da ruwan Nuwamba, tsakiyar daminar garin nan. A ce ka tara bokiti a ƙarƙashin yoyon, ka yi masa alama a ciki, kana riƙe da kofi. Duk bugun agogo sai ka leƙa. In ruwa ya wuce alama, ka kwashe kofi ɗaya ka ce "i". In bai kai ba, ka ce "a'a", ka bar shi. Abin da ya rage a bokitin bai ɓata ba, yana nan yana taruwa da wanda zai ɗigo gaba. Wanda ke ɗaya ɗakin bai ga ruwa ba, bai ga bokiti ba, muryarka kawai yake ji, amma in ya ji "i" takwas cikin goma ya san ana sheƙa ruwa, in ya ji biyu ya san yayyafi ne. Haka ƙwayar nan take yi. Tana ɗaukar bambancin da ke tsakanin abin da ya shigo da abin da ta riga ta faɗa, ta tara shi, ta yanke i ko a'a, ta sake. Sai dai ita sau miliyan ashirin take yi a daƙiƙa ɗaya, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙirga yawan i ɗin ta fitar da adadi. In babu wutar da ke wucewa sam, rabi da rabi take yi, i, a'a, i, a'a, domin wutar tana iya tafiya gaba ko baya, tsakiya ita ce babu.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne kan maganar. A tsakiyar ƙwayar akwai katanga, wani siririn gilashi da ido ba ya gani. Babu wayar da ta ratsa shi. I da a'a ɗin nan ta jikin katangar suke wucewa, kamar mai ƙwanƙwasa bango maƙwabcinsa ya ji, amma babbar wutar ba ta da hanya. Hatta katin da aka dasa ƙwayar a kai an tsaga shi a ƙarƙashinta, tsaga mai kyau da inji. Kowane ɓangare da abincinsa, wato wutar da ke kunna shi, kowane ɓangare da mas ɗinsa. Da gangan aka raba su, kuma rabuwar ita ce ke tsare ƙwaƙwalwar da duk wanda zai taɓa madannan akwatin.

Da na isa Port Môle na tarar da Adda Mairamou tsaye ta dafa ƙofar kwantenar. Na ce kada a buɗe ko da na daƙiƙa ne, muddin a rufe take sanyin zai kai yamma. Na buɗe akwatin bariyater, na jona na'urar da ke nuna mini siffar wuta a allo, na leƙa bakin ƙwayar nan. Ba ta cewa i ko ɗaya, a'a kawai take jerawa ba tsayawa. Irin wannan ƙwayar haka take yi in ɓangarenta na babbar wuta ya rasa abinci, hanyarta ke nan ta cewa kada a yarda da ita yanzu. Ƙwaƙwalwa ta ji haka ta tsayar da inji, kuma daidai ta yi. Na kashe wuta, na jira ta huce, na bi layin abincin, ban yi minti goma ba na ga mai laifin: wani ɗan kondansater, mai kamar guntun batir, ya kumbura, iskar gishiri ta cinye ƙafarsa. Akwai irinsa cike da aljihun tebur a wurin aikinmu.

Na ce, "Adda, kwantar da hankalinki. Abu ne ƙarami. In je Louis in dawo, minti arba'in, kafin azahar firigonki na aiki."

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Nazira. Wallahi tun safe ban iya haɗiye ko ruwa ba."

Ina rufe jaka sai ga su. Kawu a gaba da babbar riga, kamar ɗaurin aure za shi, Saïdou mijin Adda Mairamou yana riƙe masa da akwatin kayan aiki, bayansu kuma 'yan dako da masu tireda kusan goma sha biyar, duk wanda ya ga Alhaji ya nufi wani wuri ya biyo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "A'a, Madam Takarda, har an iso? To me littafin ya ce?" Na faɗa masa abin da na gani, a taƙaice, da ladabi. Bai ko kalli kondansater ɗin ba. Ya naɗe hannun riga, ya zaro mitarsa, ya juya ta zuwa wurin ƙara.

Na san abin da zai faru tun kafin ya ɗora tsinken. Ya ɗora ɗaya a mas na wannan ɓangare, ɗaya a na wancan. Mita ta yi shiru. Ya sake, ta sake yin shiru. Sai ya ɗago a hankali, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, yana murmushin da na sani tun ina yarinya.

Ya ce, "Kun ji wani abu?"

Suka ce ba su ji ba.

Ya ce, "To ga cutar nan. Mas ta tsinke. Yaya za a yi wancan gefen ya samu abinci alhali hanyar komawa a yanke take? Ku duba ma, ga kart ɗin nan a tsage." Ya nuna tsagar da inji ya yi, mai santsi, mai kusurwa huɗu daidai, wadda ko makaho ya shafa zai san ba karyewa ba ce. Mutane suka miƙa wuya suna gyaɗa kai, har wani yana cewa lallai kam ga ta nan.

Na matsa kusa da shi, na rage murya don kada kowa ya ji. Na ce, "Kawu, wannan da gangan aka raba su. Gefen nan akwai bolt ɗari biyar. In aka haɗa..."

Bai bari na ƙarasa ba, kuma shi bai rage tasa muryar ba. Ya ce, "Da gangan? Wa ya raba? Ke kina wurin? Tun uwarki ba ta yi aure ba nake cin abinci da kuran, wutar lantarkin nan. Mas ɗaya ce, yarinya, ko a Faransa aka ƙera abu ko a Sin. Je ki Louis ki ɗauko takardarki, kafin ki dawo kifi ya zama miya." Aka fashe da dariya. Saïdou ya ce, "Nazira, yi haƙuri, bar babba ya yi aikinsa."

Nan fa. Abin da ya kamata in yi ba ɓoyayye ba ne. In tsaya a gaban akwatin, in ɗaga murya, in ce duk wanda ya haɗa wayar nan ya kashe firigon, a kira ni mara kunya, a kai ƙarata wurin Inna, a yi wata guda ba a amsa gaisuwata. Shi ke nan abin da zai same ni. Amma mutumin nan shi ya riƙe ni, ga maza goma sha biyar suna kallo, kuma tun ina ƙarama aka koya mini cewa babba in ya yi kuskure a gaban jama'a, a gida ake gaya masa, a gidan ma da dabara. Ina tsaye ina kallo ya yanko jar waya mai tsawon ɗan yatsa, ya goge bakinta, ya narka dalma, ya ɗora ta a kan tsagar nan. Aikin kuwa ya yi kyau, dalmar tana ƙyalli, hannunsa bai taɓa rawa ba. Ya ɗora mita, ta yi "tiii", jama'a suka ce Allahu akbar.

Adda Mairamou ba ta yi kabbara ba. Ni take kallo. Ta ce, "Nazira, yaya?"

Na ce, "Adda, matso nan, ƙasan wurin a jiƙe yake." Na kama hannunta na ja ta baya, taku biyar ko shida. Na ce wa mazan su ma su ja da baya. Na ce, "Kawu, rufe murfin tukuna kafin a kunna." Ya yi tsaki, amma ya rufe. Ya taka zuwa bango inda babban makunnin yake, ya yi bismilla da ƙarfi don kowa ya ji, ya ɗaga.

Ƙarar ba ta kai yadda ake ba da labarinta yanzu ba. Tau ɗaya ce, mai kauri, murfin ya yi tsalle ya koma, sai wani hayaƙi mai ɗaci ya fara fitowa ta gefe. Babbar wutar ta samu gadar da aka gina mata, ta bi ta afka wa ƙwaƙwalwar, ta wuce ta cikinta zuwa jikin kwantena, ta ƙone duk abin da ta tarar a hanya. Ina kallon Kawu, na ga fuskarsa ta faɗi na ɗan lokaci, wallahi na gani, har na ji tausayinsa. Sai ya gyara tsayuwa, ya kaɗa riga, ya ce, "Kun gani ko? Kuran ɗin garin nan! Da ƙarfi suka sako ta. Da ban sa an rufe murfin nan ba, da yanzu wani zance ake." Injin ƙanƙarar maƙwabta, wanda ke kan layi ɗaya da mu, yana ta gurnaninsa lafiya lau, amma babu wanda ya waiwaya. Suka shiga tsine wa wuta, suna yi wa Alhaji barka da arziki.

Na buɗe akwatin. Katin ya zama gawayi daga tsakiya, jar wayar ta narke ta bar ɗigo biyu. Irin wannan injin ba ya tashi sai da bariyater ɗinsa, kuma na kira duk inda na sani a garin, babu mai irinsa, sai an yi oda daga waje, mako uku in an yi sa'a. Ragowar yinin a guje muka yi shi. Wani mai ɗakin sanyi ya karɓi kwali talatin don Allah. Muka saye ƙanƙarar da muka samu, ba ta kai ko'ina ba. Kafin la'asar Adda Mairamou ta sa an mirgino gangunan nan da ta kashe da ruwa, aka hura wuta, matan unguwa suka zo da wuƙaƙe, aka yi kwana biyu ana fashe kifi ana banda. Abin da ya samu shiga wuta ya tsira. Ranar Talata aka buɗe kwantenar aka kwashe sauran a baro, mutane suna toshe hanci, kuma sauran shi ne mafi yawa. Bayan wata biyu ta sayar da kwantenar yadda take, ga wani mai ajiye siminti.

Kawu yana nan lafiya. Labarin ma ya zama nasa. In ka zauna a bencin shagonsa zai ba ka shi, ranar da wuta ta so hallaka mutum ashirin a Port Môle, shi ya hango abin ya sa aka ja baya aka rufe murfi. Inna kuwa cewa ta yi, "Kin kyauta da ba ki kunyata kawunki ba, haka 'yar halak take yi."

Ƙonannen katin na tafi da shi wurin aiki. Wata rana da rana tsaka, babu aiki, na ciro 'yar ƙwayar nan daga cikin gawayin, na goge ta, na ba kowane ɓangarenta abincinsa daban. Ta tashi. I, a'a, i, a'a, rabi da rabi, daidai yadda ya kamata. Wutar ba ta bi ta cikinta ba, ta wayar Kawu ta zagaye. Katangarta tana nan ba ta ko tsage ba.

Sai da na yi wata uku kafin na iya komawa Port Môle. Na same ta a tsohon wurinta, bayan rumfunan 'yan dako, tsaye a kan ganguna uku, ta ɗaure hanci da gefen mayafi, idanun sun koma ja kamar da. Na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa, ta tambayi yara. Na daɗe ina kame-kame, sannan na ce, "Adda, na zo ne in ba ki haƙuri a kan abin da Kawu ya yi."

Ta juya kifi biyu kafin ta yi magana. Ta ce, "Alhaji? Ni ban riƙe Alhaji ba. Abin da ya sani ya yi. Shi har ga Allah gyara yake."

Na sa hannu na kare idona daga hayaƙin.

Ta ce, "Na tambaye ki, Nazira. Na ce yaya. Ba ki ce mini komai ba, sai kika ja hannuna baya. Kin sa an matsa, kin sa an rufe murfi. Tun ranar nake tunanin wannan jan hannun." Ta ɗago ta dube ni, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi. "Shi bai sani ba. Ke kin sani."

Wata mata ta zo sayen kifi, Adda Mairamou ta juya wurinta, suka shiga ciniki. Na tsaya ina jira ko za ta sake waiwayowa in ce wani abu, ko da yake ban san me zan ce ba. Ta sallami matar, ta sunkuya ta ƙara itace a gangar tsakiya, ta ci gaba da juya kifinta.